Kaurar Kaka Haladu

Nebraska, Amurka

Zuwa ga Gwaggo Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Naja'atu da yaranta. Tunda kunnenki ya daina ɗaukar muryar waya, ga ni na koma takarda kamar mutanen da, in ɗauki hotonta in tura wa Naja'atu. Kada ki yi wa Hausata dariya, kin san Larabci ya cinye rabinta.

Gwaggo, akwai wata tsohuwa da nake jinya a gidan gonarta, sunanta Hilda. Baturiya ce, amma ta ce su ma zuwa suka yi. Kakanninta manoma ne daga Jamus. Jirgin ruwa ya kawo su, aka nuna musu fili ko bishiya babu, suka haƙa rami a gefen tudu suka rufa, nan suka ci sanyin farko. Yara biyu ba su fito da rai ba. Uwar yaran ta zo da wake ƙulle a cikin safa, kuma waken nan har yau Hilda na shuka shi, duk da 'ya'yanta sun gudu birni, ba mai son gona.

Sai ta ce da ni, "Ku kuma me kuka zo da shi?" Sai a hanyar gida na tuna dawar da kike shukawa bayan tankin ruwa a unguwar Karantina, nan Jidda, wadda kike cewa ƙaurar Kaka Haladu. Tana nan? Hilda ta ba ni wuri a bayan gidanta, ta ce dawa tana yi sosai a nan. Jabiru maƙwabcinmu zai zo umara da azumi, zai iya taho mini da ita. Tun rasuwar Baba ban so wani abu ba sai wannan.

Taki,
Mubina

Khumra, Jidda

'Yata Mubina,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdulillah. Zafi ne, sai ƙarar manyan motoci.

Kin rubuta ƙaura da ƙaf. Dawar kaura ce, da kaf. Kaura ita muke ci, ƙaura ita muke yi.

Tunda baturiya ta tambaya, ga abin da za ki gaya mata. Kaka Haladu ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa, da niyyar hajji. Inda damina ta same shi nan yake tsayawa, ya roƙi fili ya shuka, ya ci, ya cire iri, ya yi gaba. A haka ya kai Mai Wurno a Sudan, bakin kogi. Ya ce bari ya yi damina ɗaya. A daminar nan ya yi aure, ya haifi ubanmu, ya tsufa, aka binne shi. Bai ga Makka ba. Ubanki Abduljalil ya gaji gonar, ni kuma ranar da zan hau jirgin ruwa zuwa Jidda ya cika mini gwangwanin madara da iri.

Na Mai Wurno kada ki sa rai. Da yaƙi ya iso aka kwashe rumbun, wanda ya rage su ubanki suka ci a hanyar gudu. Nawa ne kaɗai ya rage.

A Karantina da ruwan alwala nake ba ta, in ɗaure zangarniyar da tsumma saboda tantabaru. Tun da aka rushe unguwar ban sake shukawa ba. Nan hawa na uku muke, ƙasa duk siminti. Na je na ga inda gidan yake, fili ne fetal. Na tsaya ina jira in ji wani abu a raina, ban ji ba, na hau mota na dawo. Haka ranar da aka ce ubanki ya rasu a Gadarif. Na ce inna lillahi, na ci gaba da yankan albasa.

Gwangwanin yana ƙarƙashin gado. Amma ba zan ɗora wa baƙon Allah mushe ya tsallaka teku da shi ba. Na jiƙa tsumma na sa kaɗan a ciki. In tana da rai za ta nuna.

Gwaggonki,
Ikilima

Nebraska

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan an fara azumi lafiya. Na karanta wa Hilda takardarki, ina juyawa da Turanci. Da na kai wurin damina ɗaya sai ta buga hannun kujera tana dariya, ta ce nata kakan ma cewa ya yi shekara biyar zai yi ya koma. Kabarinsa yana bayan gonar, ana hango shi daga taga.

Naja'atu ta ce mini na cikin tsumman bai tsiro ba, kin sake sa wani, shi ma shiru. Me ya sa ba ki faɗa mini da kanki ba? Gwaggo, ni ma irin halinki ya same ni. Da aka kira ni kan Baba, ina cikin canza wa Hilda zanin gado, na gama canzawa tsaf. Har yau ban yi kuka ba. Ina ganin in na ga ganyen dawar nan ya fito, wataƙila in yi.

Hilda ta ce tsohon iri ba a gwada shi da tsunkule. Uwarta takan juye duka a ruwa mai ɗumi, ya kwana, a baza a rufe, ko a cikin dubu akan sami mai rai. In ƙwaya ta tsiro, ki sa ta a bokiti da ƙasa, ko ta bakin titi ce, ta ba mu sabon iri baɗi. Na haƙura da Jabiru, khalas, shi ke nan, ya dawo hannu rabbana. Don Allah ki juye duka.

Ki gaida jikokinki Badr da Areej, ki ce ni khalarsu, wato innarsu, na ce su daina amsa miki da Larabci.

Mubina

Khumra

Mubina,

Salam. Azumi na tafiya.

Na yi yadda baturiyar ta ce. Na juye duka, na baza a faranti, na rufe da ɗankwalina. Badr ya samo mini ƙasa a bayan wani sito, rabinta yashi, rabinta man mota. Bokitin na nan a bakin taga yana jira.

Kullum bayan asuba nakan ɗaga ɗankwalin. Ta kumbura, ta yi kyau, har ta yi launin da nake tunawa. Jabiru ya biyo, na ba shi dabino da zamzam. Ya tambaya ko akwai wani saƙo, na ce tukuna.

Ikilima

Khumra

'Yata,

Salam. Ba ko ɗaya. Na bi ta da yatsa ƙwaya ƙwaya.

Ta fara tsami. Jiƙaƙƙen hatsi ba ya komawa gwangwani, kuma ba a zubar da abinci. Na wanke, na markaɗa, na tace, na dama kunu, muka sha ruwa da shi.

Areej ta kurɓa ta ce, "Esh hada, ya sitti?", wato mene ne wannan, kaka. Na ce dawar kakan kakarki ce. Ba ta gane ba, amma ta shanye ta miƙo kofin. Na ƙara mata, na ƙara wa Badr, har na kankare tukunyar. Ni ban sha ba.

Ki yafe mini. Duk Jidda ban sami inda zan zuba ta ba sai cikin yaran nan.

Ki gaida Hilda.

Gwaggonki,
Ikilima