Rundunar da Ba Ta Isowa

Pécs, tsakiyar Agusta

Zuwa ga Yayata Piroska,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aikin asibiti, yaya zaman Graz? Mu nan da sauƙi. Takarda na rubuto miki don kin san halin Baba, da waya ta yi ƙara ya kasa kunne daga ɗaki.

Ya rame, amma bakin nan nasa yana nan. Har yanzu gyambon ciki yake zaton yana damun sa, ni kuma ina riƙe da alkawarinmu: ba zan faɗa masa abin da likita ya ce ba sai kin zo Kirsimeti mun zauna mu uku.

Ƙarshen wata za mu yi wasan yaƙin Mohács da 'yan sojojin dalma a kan tebur kamar kowace shekara, a ɗakin bayan shagon Kawu Tibor, kuma ni ne alƙali bana. Baba zai riƙe sojojin sarkinmu, Kawu ya riƙe Turkawa, a sake lallasa mu yadda tarihi ya ce. Jiya na tarar da shi riƙe da burushi, yana gyara tutar rundunar Transilbaniya, sojojin dalmar nan da ya fente tun muna yara amma ba su taɓa hawa tebur ba. Kin tuna dokarsa: tunda a ainihin yaƙin ba su iso a kan lokaci ba, ba a fito da su sai alƙali ya jefa ƙwayar ludo uku a bayan kwali, kowacce ta ba da shida. Na ce, "Baba, wa zai ga wannan tuta?" Ya ce, "Jaki kawai, ai su sun san da ita."

Ki gaida yara. Ƙaninki,
Bertalan

Pécs, farkon Satumba

Yaya Piroska,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki nemi wuri ki zauna, don na yi ɓarna.

Ran Lahadi aka yi wasan. Igwogin Kawu Tibor suka fara cin dawakinmu, na dubi Baba yana dafe da bakin tebur don kada ya faɗi, sai zuciyata ta ce wannan ne fa na ƙarshe. Na jefa ƙwayoyin a bayan kwali, suka ba da biyu, biyar, ɗaya. Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce shida uku ne ba.

Ke nan 'yan Transilbaniya sun iso. Baba ya buɗe akwatinsu da kansa, ya jera su ɗaya bayan ɗaya a gefen tudu. Kawu, wanda na riga na gaya masa maganar likita, ya mance da igwoginsa ƙiri-ƙiri, ya bari aka kore shi har bakin kogi. Aka tafa, aka kawo miyar kifi mai barkono, har da masu hawaye. Ni kuwa sai fankama nake, wai na yi wa ubana alheri. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana koyar da tarihi, wanda ya taɓa korar wani daga ƙungiyar wasan saboda ya sa wa mahayi kwalkwalin wani zamani, shi na ɗauka zan ruɗa.

Muna hanyar gida a mota ya ce in tsaya. Ya ce, "Tibor da ke ihun a ɗaga kwali a gani ko a kan doki ɗaya, yau an kashe masa yaƙi bai ce uffan ba. Berci, wata nawa likita ya ba ni?"

Na faɗa masa, Yaya. A gefen titi, ba ke, ba kowa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi bai taɓa zaton za a mai da shi yaron da ake bar wa wasa don kada ya yi kuka ba. Tun ranar ba ya cin abinci tare da ni. Na karya alkawarinmu, na kuma zubar masa da mutunci a gaban abokansa. Kunya ta ishe ni, ki yafe mini.

Naki,
Bertalan

Pécs, ƙarshen Satumba

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan. Na ga amsarki, kuma duk faɗan da kika yi na cancance shi.

Baba ya sa an maimaita yaƙin a falonmu, don ƙafa ba ta kai shi shago yanzu. Ya ce wancan ba a lissafa shi. Ya yaga kwalin, ya ce a gaban kowa zan jefa, ya kuma ce wa Kawu, "Kai tsohon munafuki, in ka sake mance igwa ɗaya, kada ka zo jana'izata." Kawu ya share ido ya yi masa kaca-kaca. Shida ukun ba su fito ba. Da sarkinmu ya faɗa rafi a ƙarshe, Baba ya yi dariya har da tari, ya ce yanzu ne aka yi wasa. Ya sha miya a gefena ranar, amma bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Da baƙi suka watse ya ɗora hannu a kan akwatin 'yan Transilbaniya. Sannan ya ce, "Waɗannan ma da niyyar zuwa suke, ba mugaye ba ne. Gani suka yi da sauran lokaci. Ka rubuta wa yayarka haka."

To na rubuta. Likita ya sake duba shi jiya, bai ambaci Kirsimeti ba. Ki bar komai ki taho, na gyara miki ɗakinki.

Ƙaninki mai jiran ki,
Bertalan