Tsakanin Ƙanena da 'Yar Cikina

Niigata, farkon bazara

Yaya Chizuru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali a São Paulo. Duk lokacin da na je wurin ibada sai na roƙa miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Nan ƙanƙara ta fara narkewa, maigidana ya koma gonar shinkafa.

Yaya, an yanke hukunci. Kotu ta sallami ƙanenmu Nobuhiro daga zargin yi wa 'yata Misuzu lalata tana ƙarama. Na san za ki ce mu gode, amma ni na fito kamar wadda aka yi wa duka, tunda mai ƙarar 'yar cikina ce.

Kin tuna rashin barci ya kai ta wurin wani mai ba da shawara kan damuwar zuciya. An saurari faifan zamansu a kotu. Yana sa ta rufe ido, yana tambaya ko wani babba a gida ya taɓa ta. Da farko ta ce ba ta tuna komai, ya ce jiki ba ya mantuwa, ta ƙara dubawa. A hankali sai ga ɗaki, sai ga fuska, sai ga kawunta. Wata farfesa mai nazarin ƙwaƙwalwa ta shaida wa alƙalai cewa irin wannan tambayar kan dasa wa mutum abin da bai faru ba, ya kuma ji zafinsa sosai. Lauyan gwamnati ya ce farfesar ta rantse ba a yi lalatar ba. Ta ce ba za ta iya ba, abin da ta sani kawai, bai kamata a ɗaure mutum da abin da aka tono ta wannan hanya ba.

Misuzu ba ƙarya ta shirya ba. A bakin kotu ta ce mini to madalla, in je in dafa wa ƙanena jar shinkafar nan da muke yi ranar murna. Shi kuwa ya rame, makarantar da yake aiki a da ba ta mayar da shi ba, ya ce in daina kiransa, wai muryarmu ɗaya da Misuzu.

Na gaji, Yaya. Kowa na jira in faɗi wanda na yarda da shi, ni kuwa ɗaya na goya, ɗaya na haifa. Kin ce za ki zo bikin tunawa da Mama. Ki faɗa mini tun yanzu gidan wa za ki fara shiga, in san abin da zan ce wa ɗayan.

Ki gaida maigidanki Yaya Shigeru, da 'yarki Emi da jaririnta.

Ƙanwarki,
Fumie