Maigidana Ya Ɗinka Rigar Leda Don Ya Daɗe a Duniya

Anti, don Allah ki agaza min da shawara, hankalina ya ƙi kwanciya.

Maigidana tela ne, ya haura hamsin. Shekara da shekaru yana taka keken ɗinki da ƙafa, jikinsa tsaf. Da ya sayi na lantarki sai tumbi ya fito, har ina tsokanarsa ina tambayar wata nawa ne. Ana haka yayansa ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago, ko asibiti ba a kai ba. Tun daga rasuwar nan mutumin ya canza. Wai shi ba zai mutu a kan kujera ba.

Yanzu kullum da sassafe sai ya bi samarin unguwa gudu, yaran da ya haifi kamarsu. Wani kuma ya ce masa gumi ne ke fitar da ciwo, shi ne ya zauna ya ɗinka riga da ledar labulen banɗaki, har da aljihu, yana sa ta daga ciki. In ya dawo sai ya matse singileti a gabana yana murna, alhali leɓɓansa sun yi fari, ko gaisuwar yara ba ya iya amsawa. Shekaranjiya na same shi a bayan ƙofa ya dafe ƙirji, ya ce min ƙwannafi ne.

Na ce mu riƙa takawa tare, ya ce yawon tsofaffi ne. Na ɓoye rigar, ya ɗinka wata. Wallahi in ya fita ko ruwa ba na iya ɗorawa, kunnena na kan ƙofa. Autarmu ko firamare ba ta gama ba. In tsaya kai da fata in hana shi, ko in zuba ido?

Matar tela

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan yayan maigidanki. Fargabarki tana kan hanya, amma shi ma ba hauka yake yi ba. Tsoro ne ke kora shi, kuma gaskiyarsa, zama wuri ɗaya yana rage kwana. Idan kika hana shi motsi gaba ɗaya, kin mayar da shi kan kujerar da yake gudu.

Sai dai dafe ƙirji ga wanda ɗan'uwansa ya faɗi haka ba abin jira ba ne. Gudu ya dakata, likita ya duba zuciyarsa da hawan jini a wannan makon. Ki raka shi, don na san zai shiga ya ce lafiya lau. Rigar leda kuwa ta tafi shara. Gumi ruwa ne kawai, tatse shi da ƙarfi wahalar da zuciya yake yi.

Abin da ke ƙara lafiya shi ne motsin da mutum zai iya yi bana, ya yi baɗi: tafiya da sauri wadda zai iya magana a cikinta, hawa bene, ɗan ɗaga nauyi. In likita ya yarda, gudu ya biyo baya a hankali.

Kada ki yi masa faɗa ko dariya. Ki zaunar da shi ki faɗa masa abin da kika faɗa min, cewa duk safiya kina tsoron a shigo miki da shi a ɗauke. Ya san yadda gidan yayansa ya koma, ba zai so naku ya zama haka ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.