Ƙorafi Kan Keken Tsere Da Ake Shirin Yi Wa Walda

Dinatu Yohanna,
Hayin Dogo, Samaru,
Zariya.
Alhamis, 7 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Masu Gyaran Keke ta Layin Darbejiya,
Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ROƘON A HANA YI WA KEKEN AMANA WALDA, A KUMA SAKE SHI DAGA HANNUN OGA MARTIN

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan 'yan ƙungiya, ina neman afuwa da na shigo gabanka da takarda ba tare da wani babba ya gabatar da ni ba.

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Na ɗauki biro na ajiye, na sake ɗauka na sake ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ba mai magana ba ce a cikin mutane. Ko a majami'a, bayan ginshiƙi nake zama. Na so in zo ofishinka in faɗa da baki, amma na san halina. In na tsaya gabanka zan gaishe ka, in tambayi mutanen gida, in juya in tafi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Shi ya sa na zaɓi takarda.

Ina aiki a shagon ɗinki na Madam Nonye da ke PZ. Ni ce mai sa maɓalli da kalmasa da guga. Keken da nake magana a kai ba nawa ba ne, na 'yarta Mmesoma ne. Keken tsere ne shuɗi, mai siraran tayoyi, kansa a lanƙwashe ƙasa. Da shi take shiga gasa. Da za ta tafi bautar ƙasa ta ga yadda kuɗin mota daga Samaru yake cinye ni, sai ta koya mini hawansa a filin majami'a, ta bar mini aro. Abu ɗaya ta roƙe ni, kada in bari kowa ya sa masa guduma. A farkon Disamba za ta dawo, don akwai gwajin zaɓen 'yan tsere mata, kuma ba ta da wani keken sai shi.

Ga ƙorafina daki-daki.

1. A farkon Oktoba keken ya fara kuka daga ƙasa, ƙiiƙ, ƙiiƙ, duk sanda na taka. Wanda bai san ni ba zai ce ƙaramin abu ne. Amma mace a kan keken tsere dama ana kallonta, sai ga shi keken da kansa yana kiran mutane su waigo, tun daga Samaru har Kwangila, har Hanwa. Na kira Mmesoma a waya, ta gaya mini abubuwan da zan lura da su, na kuwa lura. In na daina takawa keken yana gangarawa, shiru. In na miƙe tsaye a kan feda na bar sirdi, kukan yana nan, har ya fi. Ya fi fitowa in na danna ƙafar hagu a wurin da hanya ta yi tudu. Ta ce to ba taya ba ce, ba sirdi ba ne, a duba boris ɗin tsakiya, wato inda ƙafafun feda biyu suke haɗuwa suna juyawa a cikin jikin keken.

Ranar Asabar, 12 ga Oktoba, na kai shi rumfar Oga Martin, ɗan ƙungiyarku, na faɗa masa duk wannan kamar yadda na rubuta a nan. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya rataye keken a reshen darbejiya ya juya feda da hannu. Keke a rataye ba nauyi a kansa, ina zai yi kuka? Ya ce wa na kusa da shi wai keken lafiya lau, kunnena ne yake son giris. Aka yi dariya. Na roƙe shi ya hau ya taka ko zuwa bakin titi, ya ce tumbinsa da wannan kan keken ba sa shiri. Ya ce in hau da kaina in zaga layin kowa ya ji. Ranka ya daɗe, maza ne cike da layin, duk sun ajiye aiki suna jira. Na kasa. Ya zuba wa sarƙa mai ya miƙo mini. Ban kai gidan mai na farko ba kukan ya dawo.

2. Ranar Asabar, 19 ga Oktoba, na koma. Tun daga nesa aka fara cewa ga Madam Tsere nan ta dawo da jaririnta mai kuka. Wannan karon ya cire fedojin keken ya sa wasu na roba. Kukan bai daina ba. Fedojin asali suna cikin akwatin kayan aikinsa har yau.

3. Ranar Asabar, 26 ga Oktoba, ya yarda a buɗe boris ɗin tsakiya. Ba zan zalunce shi ba, da ya fito da shi lalle ya mutu. Na juya shi da yatsa na ji yana gurza kamar an zuba masa yashi. Har nan ba ni da ƙorafi. Ƙorafina a kan yadda aka cire shi ne da yadda aka sa sabo.

Irin wannan boris ɗin yana da sifana tasa ta musamman, Oga Martin kuwa ba shi da ita. Maimakon ya ara ko ya ce in dawo, sai ya ɗauko guduma da ƙusa mai kauri. Na ce masa mai keken ta hana guduma. Ya ce ƙanwata, wai keke keke ne, tun ban san hanyar makaranta ba yake wannan aiki. Ya yi ta duka har ya fito. Da ya zo ɗaura sabon, ya kama a karkace, ni da nake tsaye a gefe ma na ga bai zauna daidai ba. Ya ƙi shiga, sai ya zura bututu a hannun sifana ya hau kai da ƙarfinsa duka. Ina kallo wani gari mai ƙyalli kamar ɓawon kifi yana zubowa a kan yashi. Na nuna masa, ya ce datti ne. Ba datti ba ne, tiredin jikin keken ne yake cinyewa, wato zanen da boris yake kamawa in an ɗaura shi.

Da ya gama, ƙafar feda tana rawa hagu da dama, in aka taɓa ta sai ta yi ƙwas. Keken da ya zo da kuka yanzu ba ya hawuwa ko kaɗan. Ya ce in bar shi zai duba. Tun ranar keken yana wurinsa.

4. Jiya Laraba, 6 ga Nuwamba, na biya bayan an tashi aiki. Ya sanar da ni cewa ya samo magani. Ranar Asabar mai zuwa, 9 ga wata, zai kai wa mai walda na ƙarshen layi a like boris ɗin da jikin keken gaba ɗaya, wai daga nan ba rawa ba kuka har abada. Ya ce haka ake yi wa kekunan masu ɗaukar itace da buhunan masara, kuma babu wanda ya taɓa dawowa.

Na yarda ana yi wa waɗancan. Amma waɗancan baƙin ƙarfe ne. A shagonmu akwai maganaɗisu da muke tsince allurai da shi in sun zube. Na taɓa manna shi a jikin keken nan, ya faɗi ƙasa. Na manna a keken mai kawo mana ruwa, ya kama gam. Jikin wannan keken alminiyam ne, irin na tukunya. Baba Mordecai, dattijon da rumfarsa take kusa da famfo, ya gaya mini cewa in wutar waldar nan ta taɓa shi ba likewa zai yi ba, hudawa zai yi, kuma in ya huje a wannan wuri keken ya tashi daga aiki, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Na faɗa wa Oga Martin. Ya ce yaushe mai sa maɓalli ta zama injiniya.

5. Wannan shi ne abin da ya sa dole sai gabanka. Baba Mordecai ya ce keken bai mutu ba tukuna. Akwai wani irin boris da ake yi domin keken da tiredinsa ya cinye, ba ya buƙatar tiredi, gefe biyun ne suke ɗaure juna ta ciki. Ya ce ana samu a Kaduna, yana da wanda zai aiko masa, yana kuma da sifanar. Na ce to Baba ka karɓi aikin. Ya girgiza kai. Ya ce dokar ƙungiya ce, aikin da ɗan'uwa ya buɗe wani ba ya sa hannu, sai wanda ya buɗe ya ce ya saki, ko Shugaba ya ba da umurni. Na je wurin wasu biyu a layin, amsa ɗaya. Har wani mai gyara a Samaru na tambaya, da ya ji daga inda keken yake ya ce ba ya son rigima da mutanen Sabon Gari.

Na roƙi Oga Martin ya saki aikin. Ya ce bai taɓa sakin aiki ba tun da ya buɗe rumfa, ba kuma zai fara a kan keken yarinya ba, mutanen layi su ce ya gaza.

Ban raina dokarku ba. Na gane an yi ta ne don kada wani ya ƙwace wa wani abinci. Amma yau ta zama ni ba ni da ikon ɗaukar keken in kai inda za a gyara, wanda zai iya gyarawa ba shi da ikon taɓawa, wanda yake da ikon taɓawa kuma wuta zai sa masa.

6. Na gaji, ranka ya daɗe. Tun da keken ya tsaya, wani yanki na hanya a ƙafa nake yi, in isa shago ƙafafuna sun yi nauyi kafin in taɓa allura. Madam Nonye ba ta yi mini faɗa ba. Kullum da safe takan dubi bayana ta ga ko na turo shi, ta ce 'yata, har yanzu? Sai ta ci gaba da yankan yadi. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Mmesoma kuma in ta kira tana tambaya ko an samu boris ɗin, sai in ce ana kai. Ban san me zan ce mata a Disamba ba in na miƙa mata keke da rami a ciki.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba:

Na farko, ya hana a kai keken nan wurin walda ranar Asabar ko wata rana.

Na biyu, ya ba da umurnin a saki aikin, a bar Baba Mordecai ya karɓa, tun da sauran lokaci kafin Disamba.

Na uku, a mayar da fedojin asali.

Ban nemi a hukunta Oga Martin ba, ban nemi a ci shi tara ko a kunyata shi a taro ba. Yana da iyali, kuma ni ma ta wannan layin zan ci gaba da wucewa. In akwai hanyar da za a ce Shugaba ne ya karɓi aikin, ba shi ne ya gaza ba, na yarda da ita da hannu biyu.

Saura abu ɗaya da ya kamata ka ji daga bakina kafin wani ya kawo maka. Bayan maganar jiya na ji tsoron kada ya ga dama ya kai keken kafin Asabar. Yau da safe ban zauna aiki a shago ba. Na cire kwaɗon ƙofar ɗakina, na ari sarƙar da Madam take ɗaure janareta da ita, na zo layin na jira. Da Oga Martin ya buɗe rumfa ya fito da keken ya jingina shi da darbejiya, na je na zagaya sarƙar ta cikin jikin keken da gindin bishiyar. Na sa kwaɗon na kulle. Wani ya ce yau Madam Tsere da yaƙi ta zo. Na juyo na ce, da muryar da ta sa har mai walda ya ɗaga kai, keken nan amana ne, ba mai sa masa wuta sai Shugaba ya yi magana. Ban taɓa jin muryata haka ba. Ba wanda ya yi dariya. Oga Martin ya dube ni, ya dubi kwaɗon, ya koma cikin rumfa.

Wayar injin walda ba ta kaiwa gindin bishiyar, na duba. In na yi rashin kunya a layinku, ina neman gafara. Keken zai kwana a waje, na roƙi maigadin layin ya sa masa ido. Ɗakina a Hayin Dogo kuma da igiya na ɗaure ƙofarsa.

Kwaɗon makulli ɗaya gare shi, ɗayan ya daɗe da ɓata. Ga shi nan a cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi a ƙyalle. Ban riƙe komai a hannuna ba. Wanda ka miƙa wa, shi zai buɗe.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ka ikon yin adalci a tsakanin mutanenka da baƙin da suke zuwa musu.

Ni ce 'yarka mai biyayya,

Dinatu Yohanna
Shagon ɗinki na Madam Nonye, PZ, Sabon Gari.