Burodin Alkamar Kawu

Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya kwalabenka na ɗakin gwajin abinci? Wayata ta faɗa cikin kwaɓi ta mutu murus, shi ya sa ka ga takarda a hannun direba.

Albishirinka. Ka tuna alkamar nan da Kawu ke shukawa a gefen gona, mai ƙananan ƙwayoyi da ƙaiƙayi manne kamar kaska, wadda ya ce tun kakannin kakanni ake adana irinta? Ya kawo min buhu guda. Na sa aka sussuke aka niƙa, na gasa. Auta, burodin bai tashi ba, ya zauna daɓas kamar baƙon da ba shi da niyyar tafiya. Amma cikinsa rawaya kamar an fasa ƙwai, ƙamshi kuwa ka ce suyar gyaɗa ake. Tun da burodin kamfani ya shigo layinmu ƙuda nake kora a shago, yanzu kuwa kafin ya huce an wawashe. Tela maƙwabcin shagona ya ce yanka ɗaya ke kai shi la'asar.

Ga babban abin daɗin. Malamar makarantar bayanmu tana da 'ya, muna ce mata Ƙyalƙyala saboda dariyarta, wadda likita ya hana cin duk abin da aka yi da alkama don yana lalata mata hanji. Wata mai saye ta ce ta ji tsohuwar alkama ba ta da gulutin ɗin da ke cutar da ita. Rabon yarinyar da burodi tun tana aji ɗaya. Na yi mata alkawarin nata ranar Asabar, har da riɗi a kai.

Ga garin na ƙulle a leda. Ka auna min, ka gaya min abin da zan rubuta a allon shago. Maigidan yana gaishe ka.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya ke da mutanen gida. Ki karanta wannan kafin komai: kada ki ba yarinyar nan burodin. Akwai gulutin a cikinsa. Shi ne danƙon da ke sa kwaɓi ya miƙe. Na wannan alkamar ba shi da ƙarfi, shi ya sa burodinki bai tashi ba, amma ga mai irin ciwonta illarsa ɗaya. Na kira wayar maigidan ba ta shiga.

Sauran labarin kuwa, tun da sakamakon ya fito na kasa zama. Furotin ɗin alkamar, wato sinadarin gina jiki, ya ɗara na fulawar da kika saba saye. Tana da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da wani da ake kira zink, kuma tunda ba ki tankaɗe dusar ba duk suna nan. Rawayar da kika gani wani sinadari ne da ido ke amfana da shi. Shugabanmu da ba ya yabon komai ya zo da kansa ya tambayi inda na samo ta.

A allo ki rubuta cewa tsohuwar alkama ce mai gina jiki. Ban da kalmar magani. Ki ce wa Kawu kada ya kuskura ya niƙe irin shuka.

Ƙaninki

*

Auta,

Ina gaisuwa. Har yanzu ƙafafuna ciwo suke. Direban bai kawo takardarka ba sai ranar Asabar da hantsi, bayan Malama ta karɓi burodin ta tafi. Layin farko kawai na karanta. Na bar tanderu a kunne na fita da rigar aiki, gari har gira, Tela yana tambayata ko gobara ce.

Na same su a tsakar gida. Burodin na kan faranti, an yanka, yarinyar kuma ta sa shi gaba tana shanshana. Ashe cewa ta yi ba za ta ci ba sai babanta ya dawo ya gani da idonsa.

Na ɗauke farantin. Malama ta karanta takardarka, ta zauna a ƙasa tana salati. Yarinyar ta dube ni ta ce, "Gwaggo, ai ke kika ce nawa ne." Ba ta yi ihu ba, hawaye kawai. Gara ma ta zage ni.

Shago kam sai godiya. Na rubuta allon yadda ka ce, mai kemis ma ya sa a riƙa ajiye masa kullum, Kawu sai yawo yake yana cewa likitocin birni sun san da zamansa. Amma ni ban da sukuni. Kai ne mai boko, ka nemo min garin da yarinyar nan za ta iya ci. Alkawari kaya ne, kuma a kaina yake.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da ban-gajiya. Alhamdu lillahi da kika cim musu. Ki haɗa garin shinkafa da na dawa da ɗan sitacin rogo, ki sa ƙwai ya riƙe shi. Sharaɗi: injin niƙan da bai taɓa alkama ba, sabon kwano, sabon faranti, kuma ba a tanderun shago ba. Sai dai Malama ta fara nuna wa likitansu tukuna. Zai ba ki wahala, kada ki ce ban faɗa ba.

Ƙaninki

*

Auta,

Ina gaisuwa a tsaye. Kajin maƙwabta sun yi ƙiba da gashin da suka lalace min, amma jiya ɗaya ya fito da siffar burodi. Na kai wa yarinyar da kaina, babanta na nan.

Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa, duk mun zuba mata ido. Ta ce, "Gwaggo, ya yi tauri."

Ta cinye tas, ta hana kowa ɗanɗanawa. Ta ce a gaya wa ƙanina na gobe ya fi haka laushi.

Sai ka san yadda za ka yi.

Yayarka