Jar Jitar da Baba Yake Sassaƙawa

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san idan Mama ta miƙo mini waya bakina mutuwa yake yi, shi ya sa na rubuta na ba direban da ke kawo wa Baba katako daga garin da kake.

Hoton nan da ka bari a bangon ɗakinka, na mawaƙin da ya rasu mai jar jitar lantarki, Baba ya cire shi. Na ɗauka ƙonawa zai yi. Sai na gan shi a shago, ya ja layuka a kan hoton, ya sake jan su manya a kan katako. Yau sati uku yana sassaƙa irinta. Kujerun mutane suna nan a jingine ba ƙafa.

Bai ce don kai yake yi ba. Amma tun ranar da ya buga jitarka da ƙofa ta karye ka bar gidan, shekara biyu ke nan ba ya ambaton jita. Yanzu har mai gyaran rediyo ya kira ya koya masa yadda ake sa maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiya.

Ka zo gida, ko kwana biyu ne.

Taka ƙanwa,
Auta

*

Sarauniyar surutu,

Na ga saƙo. Ashe bakin ne kawai ya mutu, hannun yana nan da ransa. Ki gaida Mama.

Tsoho da jita? Benci mai wuya dai zai haɗa. Ta wancan mutumin duk tabo ce, fentin ya goge inda hannunsa ke gogawa, ga ƙunar sigari a kanta. Baba kuwa ko ƙasan tebur sai ya goge shi sumul. Ba zai iya ɓata aikinsa ba, ki bar shi ya gaji.

Aiki ya yi yawa a masana'anta, ba hutu yanzu.

Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa. Mama tana amsawa, ta ce ko abinci kana ci.

Baba ya gama fenti, har fuskata nake gani a jiki. Da na kai masa ruwa na daɗe a tsaye, har ya ce, "Ke Auta, an dasa ki ne?" Sai na faɗa masa maganar tabon. Ban ce kai ka faɗa ba. Ya kalli hoton ya ce, "Ni na ɗauka dattin takarda ne." Can kuma ya ce, "Mutum da sunansa a duniya ya rasa mai yi masa fenti."

Kwana biyu bai taɓa jitar ba. A na uku ya ɗauki sanfefa ya fara cin fentin daidai inda yake a hoton. Yana gogawa yana kau da kai. Ƙunar kuma da ƙusa ya yi ta, ya gasa ta a wuta tukuna. Ni dai fita na yi, ban iya kallo ba.

Mai gyaran rediyo ya jona ta da lasifika, ta yi ƙara kamar zanzaro. Ya ce ta yi, saura mai kaɗawa.

Duk ranar da direba ya zo, Baba yakan zagaya ya leƙa gaban motar kafin ya duba katakon.

Yaya, rubutun wasiƙarka ba naka ba ne. Naka kwanciya yake yi gefe. Lafiya?

Auta

*

Zuwa ga ƙanwar abokina,

Ina gaishe ki, ina gaida iyayenmu da girmamawa. Ni ne wanda muke ɗaki ɗaya da yayanki, kuma ni na rubuta waccan wasiƙar, yana faɗa ina rubutawa. Wannan kuwa bai san da ita ba.

Wata huɗu da suka wuce injin matse ƙarfe ya kama masa hannun hagu. Kin san da shi yake rubutu. Yatsu uku sun tafi. Ciwon ya warke, amma an sallame shi daga aiki. Kullum hannun yana cikin aljihu. Da na karanta masa maganar sanfefa, juya fuska ya yi bango, har yamma bai ci komai ba. Ya ce gara tsoho ya ɗauka fushi ne ya hana shi zuwa, da a miƙo masa jita a gaban mutane ya rasa yatsun riƙewa.

Na rasa yadda zan yi da shi. Ki yi abin da kika ga ya dace. Ki huta lafiya.

Abokin yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Kada ka yi faɗa da abokinka, ni na tambaya.

Kwana biyar takardar tana cikin jakar makarantata. Jiya na je shago, na kasa magana, sai na karanta wa Baba ita kawai. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Ya ajiye guduma ya ce, "Wane hannu kika ce?" Na ce hagu. Ya ce, "Mai danne tsirkiyar." Ban san ya san wannan ba. Ya zauna a kan buhun garin katako har na ɗauka ya manta ina wurin. Mama kuma da ta ji labari ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da safe.

Yau ya kwance tsirkiyoyin duka. Ya ce in rubuta maka haka, kada in ƙara komai: "Ka ɗora hannun a kan takarda, abokinka ya zagaye shi da fensir, ka aiko. Ba na yanka katako ban ga awo ba. In wuyan ya yi faɗi a rage shi, in juya ta za a yi ka danna da dama a juya ta."

Na ce Baba, in ce kana gaishe shi? Ya ce, "Ki ce ɗakinsa a share yake."

Zan ƙara abu ɗaya duk da ya hana. Ni ba don jita nake so ka zo ba.

Auta

*

Auta,

Ina gaida kowa. Wannan rubutun da dama na yi shi, kada ki yi dariya.

Ga takardar a ninke. Kada ki buɗe, kada Mama ta gani. Ki miƙa wa Baba a hannu.

Ban ce zan zo ba. Amma ki tambayi direban ko yana ɗaukar mutum a gaba.

Yayanki