Ragon da Ba a Karya Ƙashinsa

Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya iyali, ya ƙafar Inna? Mu nan Gumel lafiya lau.

Shekara tara ni ke bayanin ɗan ragon Idin Ƙetarewa a coci. Bana fasto ya ba Markus, sabon malamin makaranta, wanda ko kaza bai iya yankawa ba. Markus ya ce an hana karya ƙashin ragon ne domin ba za a karya na Almasihu a kan gicciye ba. Ni da nake sarar ƙashin rago duk Kirsimeti ban taɓa lura ba. Matata har da hawaye, wai in je in koya wurinsa.

Gai da su Rifkatu. Ka sa ni a addu'a, don har yau na kasa gai da Markus.

Ƙaninka,
Iliya